Kare da Maganar Ɗan Adam: Tarihin Wata Tambaya

Daga cikin dabbobin da ɗan Adam ya jawo gida, kare shi ne na farko. Ya riga akuya da tunkiya, ya riga saniya, har ma noma kansa ya riga shi. A cikin shekarar 1914 waɗansu masu fasa dutse a wani wuri da ake kira Oberkassel, kusa da birnin Bon na ƙasar Jamus, suka tono wani kabari wanda aka binne namiji da mace a cikinsa tare da kare, kuma awon da masana suka yi daga baya ya nuna kabarin ya kai shekara 14,000. Ke nan tun wancan zamani mutum yake kiran kare, yana tura shi, yana tsawata masa. Abin da wannan lacca za ta bi tarihinsa shi ne wata tambaya guda wadda ta daɗe tana ba masana wuya: idan aka yi wa kare magana ya aikata, kalmar ya ji, ko kuwa mai maganar ya karanta? Za a ga cewa koya wa kare bai taɓa zama abu mai wuya ba. Wuyar aikin ita ce raba kalma da mai faɗinta, domin a san wanne ne karen yake bi.

Mafarauta da malaman fiƙihu

Waɗanda suka fara rubuta wani abu game da wannan al'amari ba masu bincike ba ne, masu bukata ne. Xenophon, wani sojan Girka wanda ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta ɗan littafi a kan farauta, inda ya ba da shawara a riƙa sa wa karnuka gajerun sunaye domin su yi sauƙin kira a daji, har ya jera sunaye fiye da 40. Wannan dabara ce ta maharbi, ba ta wuce nan ba.

Malaman fiƙihu su ne suka matsa gaba, kuma ɗalibin da ya yi karatun zaure ya san wurin. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta ta kamo, da sharaɗin an koya mata. To, ta yaya za a san an koya wa kare? Dole malamai suka kafa ma'auni, suka ce horarren kare shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Mafi yawan mazhabobi suka ƙara da cewa kada ya ci daga abin da ya kama, har waɗansu malaman Hanafiyya suka ce sai ya kame bakinsa sau uku kafin a yarda da shi. Malikiyya kuwa ba su sa wannan sharaɗi ba. Abin lura a nan shi ne bambancin da suka yi tsakanin karen da maigidansa ya tura da karen da ya zabura don kansa da ya hangi zomo. Na farko abin da ya kamo ya halatta, na biyu bai halatta ba, ko da yake a idon mai kallo gudun iri ɗaya ne. Malaman nan hukunci suke nema, ba ilmin halin dabba ba, amma sun gane cewa ganin kare ya yi abin da ake so bai isa hujjar cewa umurni ya bi ba. Turawa masu bincike sai da suka sha kunya a bainar jama'a kafin su riƙe wannan ƙa'ida.

Katunan Lubbock da dokin Barlin

A cikin littafinsa a kan asalin ɗan Adam, Charles Darwin ya ɗauka cewa karnuka suna fahimtar kalmomi da yawa, ya kwatanta su da jaririn da ya fara gane magana amma bai fara yi ba. Hujjarsa labaran masu karnuka ce da abin da ya gani a gidansa. Maƙwabcinsa Sir John Lubbock shi ya yi ƙoƙarin gwadawa. Lubbock ma'aikacin banki ne kuma ɗan majalisa, shi ne ma ya kawo dokar ranakun hutun ma'aikata ta Ingila a 1871, saboda haka ma'aikatan gwamnati suna da dalilin tunawa da shi ko ba don kare ba. Ya ji yadda aka koya wa wata yarinya kurma kuma makauniya karatu a Amurka, sai ya ce bari ya jarraba irin wannan hanya a kan karensa mai suna Van. Ya yanka katuna, ya rubuta kalmomi irin su abinci, ruwa, shayi, waje. In Van ya ɗauko katin abinci sai a ba shi abinci, in ya ɗauko katin da ba rubutu sai a mayar masa. A 1884 Lubbock ya ba da labari a mujallar Nature cewa karen ya iya zaɓen katin abin da yake so. Ya yi hattara da sansana, domin yakan sauya katin da kare ya riga ya ɗauka da wani sabo. Amma bai yi hattara da kansa ba: yana nan a ɗakin, ya kuma san katin da ya dace.

Muhimmancin wannan gibi bai fito fili ba sai da aka yi abin mamaki a Barlin, kuma ba kare ne ya jawo shi ba, doki ne. Wani tsohon malamin makaranta, Wilhelm von Osten, yana da doki mai suna Hans wanda aka ce ya iya lissafi. A tambaye shi bakwai a tara da biyar, sai ya bugi ƙasa da kofato sau goma sha biyu ya tsaya. Jama'a suka yi ta tururuwa. A watan Satumba na 1904 aka kafa kwamiti na mutum 13, har da likitan dabbobi da shugaban gidan namun daji da mai horar da dabbobin wasa, suka duba suka ce ba su ga wata maguɗi ba. Kuma gaskiya suka faɗa, don von Osten ba macuci ba ne, shi ma ya yi imani da dokinsa.

Wani matashin mai nazarin halayyar ɗan Adam, Oskar Pfungst, shi ya warware ƙullin, da wata dabara mai sauƙi ƙwarai. Ya riƙa shirya tambayoyin ta yadda wani lokaci mai tambaya ya san amsa, wani lokaci bai sani ba. In ya sani, Hans yakan ci kashi 89 cikin ɗari; in bai sani ba, sai ya faɗo zuwa kashi 6. Haka kuma in aka kare idon dokin ta yadda ba ya ganin mai tambaya, sai ya rikice. Ashe mai tambaya yakan ɗan sunkuyar da kai in doki ya fara bugun ƙasa, sa'an nan in an kai lambar da yake jira sai ya ɗan ɗago ba tare da ya sani ba, doki kuwa wannan ɗagowa yake jira. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Hans ya riƙe wannan karin magana fiye da mutanen da suka kewaye shi. Pfungst ya buga sakamakonsa a 1907, kuma tun daga ran nan duk wanda ya ce dabbarsa tana jin magana sai an tambaye shi: ina kake tsaye lokacin da ka yi maganar?

Ba kowa ya ji wannan gargaɗi ba. Wajen 1913 aka yi wani kare a birnin Mannheim mai suna Rolf wanda aka ce yana buga haruffa da ƙafa, har yana shifta wasiƙu ana aikawa. Manyan mutane, har da waɗansu shaihunan malamai, suka gaskata. Irin wannan wasa ya ɓata wa fagen suna, har ya zama masanin da ke tsoron mutuncinsa ba ya kusantar maganar.

A cikin wannan hali ne aka yi gwaji na farko wanda ya cancanci sunan gwaji. A 1928 C. J. Warden da L. H. Warner na Jami'ar Kolombiya a Niyok suka jarraba wani kare mai suna Fellow, irin karnukan nan na Jamus da 'yan sanda ke aiki da su, wanda ya taɓa fitowa a sinima, maigidansa kuma ya ce ya san kalma wajen 400. Suka sa maigidan ya ɓuya a bayan ƙofa yana ba da umurni. Abin da suka samu ya rabu biyu. Umurnin da ya shafi jikin karen kansa, kamar ya zauna, ya kwanta, ya mirgina, ya yi haushi, Fellow ya bi shi da kyau ko da ba ya ganin kowa. Amma umurnin da ke bukatar ya nufi wani wuri ko ya zaɓi wani abu daga cikin abubuwa, nan ya yi rauni da zarar maigida ya ɓace masa. Wannan rabuwa tsakanin kalmar umurni da sunan abu ita ce ginshiƙin dukan abin da ya biyo baya, ko da yake an yi shekara fiye da saba'in ba a koma kanta sosai ba.

Dalilin wannan dogon shiru shi ne ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin. Bayan aikin Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya nuna kare yana zubar da miyau in ya ji sautin da aka saba haɗa masa da abinci, masana da yawa suka ɗauka kalma a kunnen kare ba ta da bambanci da ƙararrawa. Masu nazarin dabbobin daji kuma suna ganin kare dabba ce da zaman gida ya lalata, ba ta cancanci bincike ba. Masu neman harshe a wurin dabba sai suka koma kan birai, tun daga 1966 da aka fara koya wa wata biranya mai suna Washoe maganar hannu irin ta kurame; can ma a 1979 Herbert Terrace ya duba hotunan nasa birin ya ce yawancin abin da yake yi kwaikwayon malaminsa ne. Fatalwar Hans ba ta bar kowa ya sake ba.

Rico da Chaser

Al'amarin ya juya a 2004. Akwai wani kare a Jamus mai suna Rico, daga irin karnukan kiwon tumaki na iyakar Ingila da Sikotlan, wanda ya yi suna a talabijin saboda an ce ya san sunayen kayan wasa 200. Juliane Kaminski da Josep Call da Julia Fischer, na cibiyar bincike ta Max Planck da ke Laifzig, suka ce sai sun gwada shi bisa sharaɗin Pfungst. Suka raba kayan kashi 20, kowane kashi abu goma. Za a baza kashi ɗaya a wani ɗaki, uwargijiyar karen tana wani ɗakin dabam, ba ta ganin kayan, ba ta san yadda aka jera su ba. Iyakarta ta ambaci suna. A cikin aike 40, Rico ya kawo abin da aka ce sau 37. Ba fuskar da zai karanta a ɗakin, saboda haka ba abin da ya raka shi can sai kalmar.

Gwaji na biyu ya fi ban mamaki. Aka sa wani sabon abu a cikin guda bakwai da ya sani, aka kira wani suna da bai taɓa ji ba. Sau 7 cikin 10 ya ɗauko sabon abin, kamar dai ya yi lissafi cewa tun da sauran duk suna da suna, baƙon suna na baƙon abu ne. Bayan mako huɗu ba tare da ya sake ganin kayan ba, ya tuna rabinsu, 3 cikin 6. Masu nazarin yadda yara ke koyon harshe sun san wannan dabara tun 1978, lokacin da Susan Carey da Elsa Bartlett suka nuna yaro ɗan shekara uku yana iya cafke ma'anar sabuwar kalma daga ji ɗaya, kuma da yawa sun ɗauka baiwa ce ta ɗan Adam shi kaɗai.

Masu suka ba su yi shiru ba, kuma sukarsu mai ma'ana ce. Paul Bloom ya ce: yaro in ya koyi kalmar safa, ya san suna ne na wani abu, yana iya neman safa, ya nuna safa, ya ce babu safa. Rico fa? Wataƙila a wurinsa kalmar ba ta nufin komai sai "je ka ɗauko wancan", watau umurni ne dunƙule, ba suna ba. Waɗansu kuma suka ce ɗauko sabon abu ba lissafi ba ne, kare dama yana son sabon abu.

Amsar sukar farko ta fito daga wani tsohon malamin jami'a wanda ya riga ya yi ritaya, John Pilley na Kwalejin Wofford a jihar Karolina ta Kudu a Amurka. A 2004, yana da shekara 76, ya sami 'yar kwikwiya irin su Rico, ya sa mata suna Chaser, ya shiga koya mata awa huɗu zuwa biyar kowace rana har shekara uku. A ƙarshe ta san sunayen abubuwa 1,022, galibinsu 'yan tsana na ƙyalle, da ƙwallaye fiye da ɗari. Shi kansa malamin bai iya riƙe sunayen ba, sai da ya riƙa rubuta wa kowane abu sunansa a jiki. A rahoton da ya buga tare da Alliston Reid a 2011, yawan sunayen ba shi ne babban abu ba. Babban abu shi ne sun koya mata aikatau uku, ɗauka da baki, taɓawa da ƙafa, da taɓawa da hanci, sa'an nan suka riƙa haɗa kowane aikatau da sunan wani abu ta hanyar da ba ta taɓa ji ba, Pilley yana bayan labule. Chaser ta yi daidai. Ke nan a wurinta suna dabam, aiki dabam. Ta kuma koyi sunaye na jinsi, ta san abu ɗaya yana iya zama yana da sunansa na kansa kuma a kira shi ƙwallo tare da sauran ƙwallaye. Pilley ya rasu a 2018, Chaser ta mutu a 2019.

Sai dai a yi hattara da abin da kare biyu za su iya tabbatarwa. Sun nuna abin yana yiwuwa. Ba su nuna kowane kare yana yi ba. Masu bincike na Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budafes a ƙasar Hangare, waɗanda suka kafa sashen nazarin karnukan gida tun 1994, sun gwada wannan a 2021. Claudia Fugazza da abokan aikinta suka sa aka yi wa karnuka 34 na gida horo na wata uku a kan sunayen kayan wasa biyu kacal, kusan dukansu suka kasa, alhali waɗansu karnuka 6 da aka tsinto daga ƙasashe dabam-dabam suna ta ƙara sababbin sunaye ba wuya. Abin da Warden da Warner suka hango a 1928 ya tabbata: bin umurni na kowane kare ne, riƙe sunan abu kuwa sai ɗaiɗaiku.

Abin da aka gani a cikin ƙwaƙwalwa

Hanya ta ƙarshe ta kauce wa matsalar Hans ita ce a daina tambayar kare ya yi wani abu, a duba ƙwaƙwalwarsa kai tsaye. A 2016 Attila Andics da jama'arsa a Budafes suka horar da karnuka 13 su kwanta ba motsi a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka riƙa sa musu muryar mai horar da su ta hanya huɗu: kalmar yabo da muryar yabo, kalmar yabo da murya ba yabo ba fallasa, kalmar banza da muryar yabo, da kalmar banza da murya ba yabo ba fallasa. Aka ga ƙwaƙwalwa tana sarrafa kalmar a gefe guda, rausayar murya a wani gefen, kuma sashen da ke nuna jin daɗi ya fi motsawa in kalma da murya sun dace da juna. Daga baya masu binciken suka fitar da gyara cewa sun juya hagu da dama a rahotonsu, abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe a ransa duk lokacin da ya ga jarida ta yi babban kanu da sabon bincike; amma gyaran bai taɓa ainihin rabuwar ba.

A 2020 Lilla Magyari ta manna wa karnuka wayoyin auna motsin ƙwaƙwalwa a fatar kai, ta tarar suna bambanta kalmar da suka sani da wadda ba ta yi kama da ita ba ko kaɗan, amma in an sauya sauti ɗaya tak a cikin kalmar, ba sa lura. Jariri ɗan ƙasa da wata 14 haka yake, sai dai shi yakan wuce wannan mataki, daga nan kalmominsa su yawaita. A 2024 kuma Marianna Boros da Magyari suka gwada karnuka 18 na gida: maigida ya ambaci sunan abin wasa, sa'an nan ya nuna ko dai abin da ya ambata ko wani dabam. In abin bai dace da sunan ba, sai ƙwaƙwalwar kare ta yi wani motsi mai kama da wanda ake gani a ƙwaƙwalwar mutum in ya ji kalmar da ba ta dace da zance ba. Ma'ana, sunan ya riga ya kawo surar abin a zuciyar karen kafin ya gan shi. Wannan ya nuna karen da ya kasa ɗauko abu da sunansa ba lalle ne bai san sunan ba. Mai yiwuwa ne abin bai dame shi ba ne kawai.

Akwai wani abu a nan wanda ya shafi masu nazarin Hausa musamman. Galibin gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne da Jamusanci da Ingilishi da harshen Hangare, kuma a waɗannan harsuna hawa da saukar murya ba ya sauya kalma ta zama wata, iyakarsa ya nuna fushi ko murna ko tambaya. Shi ya sa Andics ya iya raba kalma da murya cikin sauƙi. Hausa ba haka take ba. Kuka na mai hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu da wasulansu ɗaya ne, karin sauti kaɗai ya raba su: ta farko sama-sama, ta biyu sama-ƙasa. Karen maharbi a Gumel ko Maraɗi yana tashi ne a cikin harshen da murya ke ɗauke da kaya biyu a lokaci guda, ma'anar kalma da halin mai magana. Idan kare ya fi kula da murya fiye da ɗaiɗaikun sautuka, kamar yadda binciken 2020 ya nuna raunin kunnensa a kansu, to yana iya yiwuwa ya raba kuka da kuka alhali ya kasa raba kuka da kuke. Gwada wannan ba ya bukatar na'ura mai tsada. Yana bukatar kare, da abubuwa biyu masu sunayen da karin sauti kaɗai ya bambanta, da ɗaki biyu, da maharbin da zai yarda ya zauna a ɗayan ɗakin inda karensa ba ya ganin fuskarsa.